Neman Maganin Gishiri a Kwarin Foga

Da sunan Allah nake farawa, wanda in Ya ba ƙasa albarka babu mai hanawa, in Ya janye kuma babu mai mayarwa.

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a kasuwar Bakori, har a wurin zaman makoki, sai mutum ya matso ya ce, "Malam Rabe, yaya Foga? An samo maganin?" Nakan ce sai godiya, in wuce. Labarin ba na tsaye ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ajami yadda na saba, aka juya mini shi zuwa boko, don kowa ya karanta in huta.

Muna da fadama a bayan Ƙarfi, gadon mahaifinmu ce, ni da ƙanena Mannir. Ba mu taɓa raba ta ba. A zamanin Baba tumatir da albasa da alkamar da ke fita cikinta su suka aurar da mu duka. Shekarun baya sai wani fari ya soma fitowa a bakin fangali, kamar an barbaɗa kanwa. Muka ce ba komai. Farin ya yi ta cin ƙasa. Ka yi dashe, ka ba shi ruwa, ga ruwan nan kwance a gindinsa, amma ya yi yaushi kamar wanda ya yi wata bai sha ba. Bakin ganye ya ƙone, ya langaɓe, ya mutu. Rani uku a jere haka.

Ana cikin wannan masu tifa suka gano akwai yashi mai kyau a ƙarƙashinta. Duk wanda ya ga fadamar da tifa ta shiga ya san ba a sake kiranta gona. Mannir ya same ni bayan mun cire masara, ya ce, "Yaya, ni fa na gaji da binne iri. Ina da 'ya'ya tara. In ka kawo abin da zai sa tumatir ya tsaya a ƙasar nan kafin lokacin dashe, na fasa. In babu, a ja igiya, in ba su nawa."

Ban ga laifinsa ba. Na dai kasa cin abinci ranar.

Wanda ya ba ni shawarar tafiya shi ne Malam Bitrus, tsohon malamin gona da ke zaune a Malumfashi. Kirista ne, sa'ana ne kuma, mun fi shekara talatin muna tsokanar juna. Ya ce a wani taro a Zariya ya haɗu da wata likitar ƙasa 'yar Nijar, Dakta Ramatu, tana aiki a kwarin Foga inda ake dafa gishiri. Wai tana kiwon wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana shafa wa iri, shuka ta jure gishiri.

Na ce, "Bitrus, kiwo? Na abin da ba a gani?"

Ya ce, "Kai da ka yarda da aljannu tun kana goye, wannan ne zai gagare ka?"

Ya buga mata waya, ta ce mu zo da ƙasar da ruwan rijiyar. Na ɗebi ƙasa kashi uku, ta sama da ta tsakiya da ta zurfin kamu ɗaya, na ƙulle a leda, na cika gora da ruwa. Bitrus ya ɗauko wata tsohuwar kula ta matarsa, irin ta ajiye ƙanƙara. Ranar Litinin da hantsi muka hau mota.

Hanyar Gusau ta fi kusa, amma ba mai binta da kwanciyar rai yanzu, sai muka zaga ta Katsina. Har Katsina motar cike take da surutu, wata mata na ciniki da direba a kan kajinta. Da muka kama hanyar Jibiya sai kowa ya yi tsit. Gonaki ne dama da hagu, waɗansu dawa ta nuna ba mai yanka, waɗansu ciyawa ta rufe su tun bara. Wani dattijo kusa da ni ya nuna wata kuka da leɓe ya ce, "Nan tawa take." Na ja carbina.

A kan iyaka aka sauke mu, aka duba takardu da katin rigakafi. Wani jami'i dogo siriri ya buɗe jakata, ya ɗago ledar ƙasar sama wadda ta fi fari.

"Mi ne ne wannan, Malam?"

"Ƙasa ce, ranka ya daɗe."

"Ƙasa? Tun daga Malumfashi ka ɗauko muna ƙasa? Wa ya ce maka tamu ta ƙare?"

Ya kira abokin aikinsa. Suka jujjuya, suka shinshina. Bitrus ya fara dogon bayani irin na malaman gona, ba wanda ya saurare shi. Daga ƙarshe dogon ya lashi yatsa, ya dangwala, ya kai baki. Ya yamutsa fuska ya tofar. Sai ya dube ni, muryarsa ta sauka, ya ce, "Gonarka ce?" Na ce e. Ya ƙulle ledar da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu. "Ku tahi. Allah shi sawwaƙe."

A Maraɗi muka sauka gidan Alhaji Isuhu, ɗan kasuwar hatsi. In ya zo sayen masara ƙasarmu a zaurena yake kwana, shekara da shekaru. Mu ma muna girmama baƙo, amma na Maraɗi ya ɗara namu. Kafin ka gama sallama an karɓi jakarka an yi ciki da ita. Da gari ya waye na tarar an wanke rigar da na zo da ita, an goge, har an ɗinke aljihun da ya yage. Takalmin Bitrus da ya ɓalle an kai an gyara. Duk aikin uwargidan Alhaji ne, Hajiya Zali, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba, sai muryarta daga bayan labule. Ta aiko mana da dambun zogale da fura mai sanyi, da kilishin da Bitrus ya ce saboda shi kaɗai tafiyar ta biya.

Daga nan muka shiga babbar mota zuwa Doso. Abin da ya fara ba ni mamaki, an ce ƙarfe bakwai, ƙarfe bakwai ɗin ta tashi, da kujeru biyu ba kowa. A tashar Funtua da direban ya yi haka da an ce a kai shi a yi masa ruƙiyya. Jandarmominsu sukan sara maka tukuna su nemi takarda. Burodinsu dogo ne kamar sanda, yana yanka dasashi, Bitrus ya ce a ajiye shi ko za a gamu da kare. Shayi kuwa sai an yi zagaye uku a ɗan mitsitsin kofi, in ka tashi a na farko ka yi rashin ladabi. Ni dai idona na kan gonaki. Geronsu tsaye ɗai-ɗai, taki uku tsakanin wannan da wancan, a cikin rairayi. Na ce a raina, mutanen nan da ɗan abin da aka ba su suke lallaɓawa, mu da aka ba mu baƙar ƙasa ga inda muka kai ta.

Muka kwana a Doso a wani ɗakin haya mai fanka ɗaya da sauro dubu. Washegari wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ta kai mu kwarin.

Tun ina yaro nake jin gishirin Foga a bakin fatake, ban san daga ƙasa ake tatso shi ba. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, fari fat. Mata ne ke kankare ƙasar da 'yan ƙarafa, su zuba a kwando, su kwarara ruwa, abin da ya tsiyaye su dafa har ya daskare. Na tsaya ina kallo. Abin da ya hana ni barci rani uku, shi suke tarawa da murna, har da waƙa.

Wata tsohuwa mai kankara ta ga ina riƙe da leda ta tambaya. Na gaya mata. Ta ce in ba ta ta gani. Ta ɗanɗana, ta jujjuya a harshe yadda mai sayen zuma ke yi, sannan ta girgiza kai.

"Ba ta kai ba, ɗan'uwana. In ka dafa wannan asarar itace za ka yi."

Bitrus ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ka ji, Rabe! Ta yi wa tumatir yawa, ta yi wa tukunya kaɗan!"

Na yi dariyar ni ma, don ba abin yi.

Wurin Dakta Ramatu ɗaki biyu ne da fili da aka kewaye da waya. Mace ce gajera, ba ta kai arba'in ba, da takalmin roba da laka har idon sawu. Ta gaishe mu da ladabi, ta kira ni Baba. Ba ta ɓata lokaci ba, ta kai mu wata rumfa inda aka jera tukwane layi biyu, duk tumatir. Layin hagu na san su, 'yan'uwan nawa ne, ƙanana, bakin ganye a ƙone. Layin dama ba za a ce sun yi kyau sosai ba, amma suna tsaye, kore, har waɗansu sun yi fure.

Ta ce, "Ƙasa ɗaya, iri ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya aka shuka su."

Ta tuge ɗaya daga kowane layi. Saiwar na hagu 'yar guntuwa ce, tsirara. Ta dama doguwa, da gashi-gashi, ƙasa ta manne mata dunƙule-dunƙule ko an kaɗa ba ta zuba.

Ta ce halittun sunansu bakteriya. Dangin masu sa cuta ne, amma kamar yadda a dangi ɗaya ake samun ɓarawo a samu liman, waɗannan na alheri ne. A jikin saiwa suke zama, shuka na ciyar da su da ɗan zaƙin da take fitarwa, su kuma su yi mata aiki. Na roƙe ta ta bi a hankali, na fito da littafina ina rubutawa. Ta leƙo ta ga ajami ta ce kakanta ma haka yake rubutu, ita ba ta iya ba.

"Baba, gishiri ba ƙona shuka yake fara yi ba. Ruwa yake riƙewa, ya hana ta sha. In shuka ta ji haka sai ta firgita, ta fitar da wani abu a jikinta mai ce wa saiwa ta tsaya, ganye ya zube. Sau da yawa firgitar ce ke kashe ta kafin gishirin. Waɗannan sukan cinye abin tun bai taru ba, sai shuka ta natsu ta ci gaba da neman ruwa. Suna kuma yin wani yauƙi a kewayen saiwa, shi ne ka ga ƙasa ta manne, yana tare wani kashi na gishirin a waje. Suna sa saiwa ta yi tsawo."

Na ce, "Ke kika halicce su?" Bakina ne ya suɓuce, na yi istigfari nan take.

Ta yi murmushi. "A'a, Baba. A saiwar ciyawar kiri-kirin da ke tsirowa a tsakiyar gishirin can na samo su. Ni raino kawai nake yi."

Ta ɗiga wani ruwa a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce in duba. Da farko ban ga komai ba sai gashin idona. Can sai na gan su, kamar ɓarzajjen gero, suna motsi, suna kai da kawo, ba su san da ni ba. Shekarata sittin da uku ina taka ƙasa ina kiranta matacciya in ta bushe. Na ɗago na yi tasbihi.

Daɗin bai daɗe ba. Ta jiƙa ƙasata, ta tsoma wani ƙarfe mai lamba, ta gwada ruwan gorar. Ta dubi lambar da kyau.

"Ruwan rijiyarka yana da ɗan gishiri, ba mai yawa ba. Amma kullum ka zuba, rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna. Takin zamani ma yana barin nasa. Yaushe rabon gonar da takin shanu?"

Na ce tun da Fulanin da ke sauka mana bayan kaka suka daina zuwa. Ta ce karan da ya rage fa? Na ce ƙonawa muke yi. Bitrus ya sunkuyar da kai ya ce, "Injin ban-ruwan da buhun takin mu muka kawo musu, Dakta. Har kyauta aka ba ni a kan haka."

Ta ce, "To Baba, ruwa yana shiga gonarka. Ta ina yake fita?"

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wani lambatu da mahaifinmu ya haƙa, ya ratsa fadamar tun daga yamma har ya faɗa rafi ta gabas. Duk shekara kafin dashe sai ya sa mu yashe shi, muna ƙunƙuni, don ba mu ga amfaninsa ba, ba ya kawo ruwa sai fitarwa. Shekarar da Baba ya rasu, Mannir yana Kaduna yana aikin masaƙa, ni na sayi inji. Na dubi lambatun na ga fangali goma sha biyu kwance a banza. Na cike shi da hannuna. Da Mannir ya dawo ya tambaya, na ce masa damina ce ta cike shi.

Na gaya wa Dakta, ban da maganar Mannir. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Ka ji da kyau, Baba, kada ka je ka ce na ba ka abin da ban ba ka ba. Waɗannan ba sa cin gishiri. Ba sa rage ko ƙwaya ɗaya. Taimakon shuka suke ta jure. Inda farin ya yi kauri ba abin da za su iya, sai an buɗe hanya ruwa ya wanke shi, shekara biyu ko uku. Amma a gefe-gefe, inda bai yi tsanani ba, ina sa ran za ka ga bambanci a bana."

Bana nake nema. Fangali biyar masu rai sun isa in nuna wa Mannir.

Ta buɗe firij ta ɗauko leda biyu, kowace kamar tafin hannu, cike da wani baƙin gari mai danshi kamar dakakken gawayi. Ta ce su ne suka rage mata, wani rainon sai baɗi. Na rubuta sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya: a dama da ruwan ƙaro, a shafa wa iri ko saiwar dashe a inuwa, kada a haɗa da hodar maganin ƙwari da muke cuɗa iri da ita, a sa takin gida. Sama da duka, kada ya yi zafi, kada ya bushe, kada rana ta gan shi. Ta maimaita wannan sau uku. Na ja masa layi biyu.

Ban taɓa rainon wani abu yadda na raini kular nan ba. A kan cinyata ta zauna tun daga Foga. A Doso muka sayi ƙanƙara, a Ƙonni muka ƙara. Wajen saukowa salla wani mai buhu ya buge ta, murfin ya tsage, ƙanƙarar ta soma narkewa. Na samu tsumman buhu na jiƙa na naɗe ledojin, na lulluɓe kular da rawanina, na shiga Maraɗi da kai ba komai sai hula.

Ranar Juma'a ce, da hantsi. Alhaji Isuhu ya tarye mu a ƙofa da murna, ya karɓi jakata, ya sa hannu ya ɗauki kular daga hannuna, ya miƙa ciki.

Jama'a, maganar ta zo mini har leɓe. Kalma biyar ce: a bar wannan a inuwa. Amma mutum ya sauke ka, ya karɓi kayanka da hannunsa, ka bi shi da sharaɗi kamar ka ba ɗan dako? A gidana in na karɓi jakar Alhaji ya ce mini in kula da ita, da na ji ciwo har raina. Ga kuma kunyar in ce wa dattijo na ɗauko wasu halittu a cikin gawayi. Na ce ai ɗaki za a kai, ɗaki kuma inuwa ne. Bitrus yana can yana biyan mai adaidaita, bai gani ba. Na haɗiye.

Muka tafi masallaci, Bitrus ya zauna a shagon Alhaji. Bayan an sauko wani abokin Alhaji ya ja mu gidansa cin shinkafa, ba a ƙin irin wannan. Aka ci, aka yi shayi zagaye uku. Sai bayan la'asar muka koma.

Da shigarmu tsakar gidan baƙi na hango rawanina a kan igiya, an wanke. Kular a kife, an ɗauraye ta. A kan kwanon rumfar awaki, inda rana ta fi duka, ga faifai biyu, an baza baƙin gari a kai, siriri, yadda ake shanya kuka.

Murya ta fito daga bayan labule. "Malam, sannu da dawowa. Na iske maganinka duk ya jiƙe, har ya hwara wari. Na ce in an bar shi cikin leda ruɓewa za shi yi. Na shanya maka. Sau biyu ina hawa ina juya shi, ya bushe sarai."

Tsohuwa ce, da ciwon gwiwa, ta hau turmi sau biyu a tsakar rana saboda ni.

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Hajiya. Allah ya ba da lada."

Ta ce, "Amin, ai ba komai."

Na sauke faifan. Garin ya yi zafi kamar toka, yana bin iska. Bitrus ya dube shi, ya dube ni. Ya fita waje ya kira Dakta. Na ji yana cewa tun hantsi, a kan kwano. Ya daɗe yana saurare. Da ya dawo ya ce ta ce wataƙila 'yan kaɗan sun tsira, kada dai mu dogara. Ta ce in duba kiri-kirin da ke gonata, in akwai mai kore a cikin farin kada in ƙone shi. Saura sai baɗi.

Alhaji Isuhu har yau bai sani ba, kuma ina roƙon wanda ya karanta wannan kada ya kai masa. Mun ci tuwonsu, mun yi godiya, da safe suka raka mu tasha da ƙullin kilishi.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Dogon jami'in nan ba ya kan aiki ranar, na gode Allah, don da ya tambaye ni.

Na tura aka kira Mannir, muka haɗu a fadamar da yamma. Tun a hanya Bitrus ya ce in shafa garin haka nan, in yi shiru, in nemi rani ɗaya, wa ya sani. Na yi tunanin haka tun daga Jibiya har Malumfashi. Amma na riga na ci rani da yawa na Mannir da shiru.

Na nuna masa garin, na gaya masa yadda aka yi. Ya yi 'yar dariya mara daɗi. Sannan na ce, "Akwai saura. Lambatun Baba ba damina ce ta cike shi ba. Ni ne. Likitar ta ce rashinsa ne ya tara gishirin."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza wani ɓawon fari da yatsan ƙafa.

"Na sani, Yaya."

"Ka sani?"

"Damina ba ta cike rami ta daddale shi ta ja masa kunyar shuka. Tun ranar da na dawo na gani. Na ce kai ne babba." Ya numfasa. "Ban dai san shi ya kashe ta ba. Da na sani da na yi rashin kunya."

Na ce, "Ka ba ni shekara biyu. Mu buɗe shi tare."

"Shekara biyu me za su ci? Ba fushi nake ba, wallahi. Amma a ja igiyar."

Mai unguwa da dattawa biyu suka zo ranar Talata aka ja. Masu tifa gabas suke so, wajen rafi, can yashin yake, don haka gabas ta zama ta Mannir. Kafin mako ya zagayo motar haƙa ta iso.

Ni na fara buɗe lambatun daga yamma, ni kaɗai, da shebur, kamu goma a yini in baya ya yarda. Garin na shafa wa dashen fangali huɗu na gefe, don ban iya zubar da shi ba. Waɗansu sun mutu, waɗansu na tsaye, ban san ko halittun ne ko takin awakin da na zuba ba ne. Da na kai haƙan bakin igiya sai na tsaya. Rafin da Baba ke kai ruwansa yana can gaba, tsakanina da shi yanzu rami ne mai zurfin gaba biyu.

Na sami shugaban masu haƙan, wani saurayi da baƙin tabarau, na yi masa sallama. Na ce ina neman alfarma, in sako ruwan gonata cikin raminsu.

Ya dube ni, ya dubi ramin. "Baba, sako mana. Mu nan da wata biyu mun tashi. Ramin ai na kowa ne."

Na fasa bakin lambatun, na tayar da inji, na cika fangulan. Wajen la'asar ruwan ya biyo lambatu a hankali, da kumfa fari-fari a kansa, ya zo ya zuba. Mannir yana tsaye a ɗaya gefen ramin, inda a da albasarsa take. Muka tsaya muna kallon ruwan yana sauka.

Can ya ɗaga murya, don ƙarar tifa ta yi yawa. "Yaya! Yana fita?"

Na ce, "Yana fita."

Ya gyaɗa kai, ya juya ya tafi.

Iyakar abin da na gani ke nan a tafiyar Foga, da abin da na tarar. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kun ji da bakina. Allah ya gafarta wa Baba, ya gafarta mana.